Littafin Gulbi: Rabo ko Iyawa Wajen Kama Babbar Tarwaɗa a Yauri

7 ga Yuli, 2024

Gardamar ta daɗe a gidanmu. Kawuna, wanda ya tsufa yana su a gulbin Kwara nan Yauri, ya tsaya a kan cewa babban kifi ba ya faɗa wa mutum a hannu haka kawai, sai wanda ya san makwancinsa. Ɗansa kuwa, taubashina, da shi ma a cikin jirgi ya tashi, cewa yake yi ƙananan kifi na mai ƙoƙari ne, amma ƙaton ramboshi na mai rabo ne, ko da jiya ya fara riƙe filafili. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma na lura kowannensu labarin da ya goyi bayansa kawai yake tunawa. Shi ya sa na sayi littafi mai kauri, da sikeli mai ratayawa, da tef irin na tela, na ce bana za mu rubuta.

Mu ukun babu saɓani a kan cewa arziki na Allah ne. Abin da muke son gani shi ne yawan abin da Ya rataya a kan sanin mutum da aikin hannunsa.

Ga tsarin. Igiya biyu iri ɗaya, kowacce da ƙugiya 50 masu girma ɗaya, koto iri ɗaya, a kafa su da yamma a duba su da asuba. Wuri ne kaɗai zai bambanta. Ta farko Kawu ne zai zaɓa mata wuri. Ta biyu kuwa, mun zana yankin da muke su a takarda mun raba shi gida 12, kowane gida da alamarsa, ko tsibiri, ko kututture, ko bakin rafi. Mun rubuta lambobin a ƙananan takardu mun zuba a hula, duk wadda yaro ya zaro can za a kafa. Ita muke kira igiyar ƙuri'a. Mun bar mamari, wata irin igiya mai ƙugiyoyi da yawa, gefe, domin shi ba a sa masa koto, duk abin da ya gifta yake sarƙewa, mu kuwa kifin da ya zo ya ci da bakinsa muke nema.

Kifi uku za mu ƙidaya, duk masu santsin jiki marasa ɓawo: tarwaɗa, ramboshi da ragon ruwa. Ga wanda bai saba ba, tarwaɗa fiffiken bayanta ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya, ramboshi kuwa nasa biyu ne, na bayan tsoka ce zalla babu ƙaya a ciki. Duk wanda ya kai kilo 5 za mu sa shi a layin manya. Da na faɗi haka Kawu ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, a zamaninmu wannan na miyar gida ne.” Duk da haka ya yarda.

21 ga Yuli

Ruwa ya ja baya sosai, yashi ya fito a wuraren da jirgi ke wucewa da rani. Haka tafkin Kainji yake yi kowace shekara: ana sakin ruwa a dam don wutar lantarki tun bayan hunturu, sai ya kai ƙarshen raguwarsa a irin wannan lokaci kafin ruwan damina ya sake cika shi. Mu da ke can ƙarshen arewa mu ke fara ganin bambancin.

Makon nan aikina shi ne kallon yadda Kawu ke zaɓar wuri, ina tambaya yana amsa abin da ya ga dama. Ba ya kallon saman ruwa da yawa. Doguwar gora yake nutsawa yana saurare da hannu: nan yashi ne, nan laka, nan kuma gaɓa ce da ta gangara farat ɗaya. Gaɓar yake nema, inda ƙasa mai tauri ta yanke ta faɗa cikin gurbi, musamman idan akwai itacen da ruwa ya ci. Tun da aka rufe dam a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da garuruwa da dazuzzuka, kuma ba duka itatuwan aka sare ba. Kawu yana yaro a lokacin, ya taka wasu wuraren da ƙafarsa. Yakan ce nan tsohuwar hanyar gulbi take, can kuma akwai tsamiyar da ake zama a gindinta. Ramboshi na son irin wannan maɓoya, ya kwanta da rana ya fito da dare.

Abu na biyu, da magariba yakan tsayar da jirgi ya yi shiru. Tarwaɗa da ramboshi suna da wata gaɓa mai rassa a cikin kai da suke shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa suke rayuwa a ruwan da wasu kifaye za su mutu, kuma shi ya sa sukan taso sama su haɗiyi iska su koma. Ƙarami yakan yi ɗan tsartuwa. Babba kuwa ruwa ne ke buɗewa a hankali ya juya, sai zobe mai faɗi ya bazu. Daga girman zoben Kawu ke kimanta kifin. Ni sai ya nuna mini sannan nake gani.

Daren jiya farin wata ne, ya kafa tasa a gefen inuwar tsibiri, ya ƙara mata duwatsu don ta sauka ƙasa. Zuwa yanzu igiyarsa ce ke gaba a yawan kifi, amma babu wadda ta kawo na kilo 5.

11 ga Agusta

An yi ruwa mai ƙarfi, gulbi ya fara hawa cikin burgu da fadamu. Komai ya juya. Tarwaɗa ta bar gurabu ta bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawa don zuba ƙwai, kamar yadda take yi kowace damina. Ƙwan yakan manne a jikin ciyawa ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya a ruwa marar zurfi. A irin wannan lokaci ko ina ka jefa ƙugiya a bakin fadama za ka samu. Ƙuri'a ta faɗa gida na 9, bakin wani rafi, igiyar ta fito da nauyi har ta zarce ta Kawu.

Taubashina ya ce a rubuta da manyan baƙaƙe. Na rubuta. Amma na rubuta wani abu kuma a gefe: Kawu ya san inda kifin yake, ƙin zuwa ya yi. Ya ce ba ya kafa wa mace mai ciki tarko a ɗakin haihuwarta. Biyu daga cikin na igiyar ƙuri'a cikinsu cike yake da ƙwai, ya cire musu ƙugiya ya mayar da su ruwa bayan na auna. Babbar mace ɗaya na iya ɗaukar ƙwai dubu ɗari da ɗoriya. Wannan ya jawo mini matsala a lissafi, domin littafin zai nuna ƙuri'a ta fi gwani a makon da gwanin ya janye hannunsa da gangan. Na sa wa waɗannan ranaku alama da jan biro, zan ware su idan na zo tarawa. A raina kuwa ina tare da Kawu, ko da lissafin zai ɓaci.

5 ga Satumba

Ya zo, kuma a igiyar ƙuri'a ya zo.

Duhun wata ne, an yi yayyafi cikin dare. Gida na 4 aka zaro, wani fili mai laka da Kawu ya ce shi ba zai ɓata kotonsa a can ba. Da asuba taubashina ya ɗaga igiyar sai ya ji ta ƙi tasowa, ya zaci kututture ta kama, sai kututturen ya motsa. Ramboshi ne, sikeli ya nuna kilo 17 da ɗan ɗori, tsawonsa ya haura mita ɗaya. Ya haɗiye ƙaramar karfasar da aka sa a ƙugiya ta kusa da ƙarshe. Kafin mu isa bakin gulbi labari ya riga mu, mata masu banda da dillalai sun taru. Taubashina sai faɗi yake yi, “Sa'a ta fi sammako, Baba! Yaro ne ya zaro takarda, ina iyawa a nan?”

Gaskiyarsa ce a kan wurin. Babu wanda ya san kifin zai bi ta nan a daren, Kawu ma bai yi musu ba, cewa ya yi kawai rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Sai dai ina cikin jirgin, na ga abin da ya faru tsakanin motsin farko da shigar kifin ciki. Da kifin ya ji an taɓa shi sai ya yi ƙasa da ƙarfi. Taubashina ya fara ja, Kawu ya daka masa tsawa ya ce ya saki. Ya karɓi igiyar, bai naɗe ta a hannu ba ko sau ɗaya, ya riƙe ta tsakanin yatsu yana bari tana zamewa idan kifin ya ja, yana tattarowa idan ya lafa. Ya sa aka sare igiyar dutsen da ke gefen nan don kada kifin ya samu abin da zai yi dogaro da shi ya fizge. Ya bar shi ya ja jirgin yana zagayawa har ya gaji ya juyo da farin cikinsa sama. Sannan ya sa hannu ta ƙasan kai, yana kaffa-kaffa da ƙayoyin gefe, muka taya shi ɗagawa. Da na duba ƙugiyar daga baya, ta riga ta fara miƙewa. Da an ci gaba da ja da ƙarfi tun farko, da labari kawai za mu kawo gida, irin wanda kowane masunci ke da shi na ƙaton da ya kuɓuce.

Don haka na buɗe sabon layi a littafin. Daga yau ba abin da aka kama kaɗai zan rubuta ba, har da abin da ya ci ya tafi: ƙugiyar da ta miƙe, zaren da ya tsinke, koton da aka cinye.

29 ga Satumba

Farin ruwa, wato ambaliyar daminar yankinmu, ya cika gulbi, ga laka ga tarkacen ciyawa da itatuwa. Igiyar ƙuri'a ta tafi gaba ɗaya da duwatsunta, ruwa ya share ta. An kuma ga dorina da ɗanta kusa da gida na 7. Kawu ya ce a dakata, mun dakata. Na sayi sabon zare da ƙugiyoyi, ana ɗaura su a tsakar gida.

20 ga Oktoba

Hutun dole ya ba ni damar zama da littafin. Idan aka cire ranakun jan biro, igiyar Kawu ta kawo kusan ninki biyu na nauyin da igiyar ƙuri'a ta kawo, kuma da wuya ta fito babu komai, alhali ta ƙuri'a sau da yawa haka ake ɗago ta fayau. A matsakaitan kifi, daga kilo 2 zuwa 5, tazarar ta fi haka. A layin manya Kawu yana gaba da kaɗan. Amma mafi girma duka, na ƙuri'a ne. Kowannensu ya kalli shafin ya ga nasararsa.

Na yi ƙoƙarin bayyana musu dalilin da ya sa hakan ba abin mamaki ba ne, da misalin da na ƙirƙira don darasi kawai. A ce gwani yana samun ƙaton kifi dare ɗaya cikin 20, wanda bai san ruwa ba kuma dare ɗaya cikin 60. Gwanin ya ninka shi uku ke nan, tazara mai yawa. To, a ba su dare 30 kowanne. Lissafi ya nuna yiwuwar gwanin ya gama bai samu ko ɗaya ba ta ɗan haura ɗaya cikin biyar. Yiwuwar ɗayan ya samu aƙalla guda kuwa ta kusa huɗu cikin goma. Yiwuwar abubuwan biyu su haɗu, gwani ya tashi hannu wofi ɗan koyo ya zo da ƙato, kusan ɗaya cikin 12 ce. A bakin gulbin da ke da masunta ɗaruruwa, wannan zai faru ga mutane da yawa kowace damina, kuma shi ne labarin da za a riƙa bayarwa a kasuwa, don shi ne mai daɗin ji. Babu mai ba da labarin tsohon da ke dawowa kullum da kifin da zai ciyar da gidansa.

Abin da ke faruwa da wuya, a ɗan gajeren lokaci ba ya nuna wa ya iya. Sai an tara shekaru. Wannan ne ya sa nake ganin gasar Argungu, da aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya a 2016, ba ma'aunin gwaninta ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Dubban mutane ne ke faɗawa kogin Matan Fada lokaci guda da homa da gora, cikin kamar awa ɗaya, kuma mafi girman kifi ɗaya ne tak. Wanda ya ci a 2020 da kifi mai kilo 78 lalle ya iya ruwa, don ba kowa ne zai rungumi irin wannan a ƙarƙashin ruwa ya fito da shi ba. Amma a cikin ruwan a ranar akwai ɗaruruwan da suka iya kamarsa, kifin ne bai bi ta gabansu ba.

Taubashina ya saurara har ƙarshe ya ce, “To ai maganata ka maimaita da lamba.” Kawu ya ce a'a, tasa na maimaita. Na bar su a nan.

17 ga Nuwamba

Ruwa ya lafa, mun koma, kuma mun sauya tsarin. Yanzu wuri ɗaya ne, Kawu ke zaɓa, igiyoyin biyu a jere da tazara kaɗan, muna musanya musu gefe kowane dare. Abin da ya bambanta shi ne hannu. Ɗaya Kawu ke shirya ta tun daga ɗaurin ƙugiya har ɗagowa, ɗayar kuma wani saurayin maƙwabcinmu da ya shekara biyu yana koyon su.

Nan ne littafin ya fi ba ni abin rubutawa. Kafin a fita Kawu yakan bi ƙugiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya da ɗan dutsen washi, yana gwada tsininsu a farce. Zaren da ya ga ya goge ko kaɗan yakan yanke ya sake. Idan koton karfasa ce mai rai, ta bayanta yake soke ta, ƙasa da fiffike, ba tare da ya taɓa ƙashin baya ba, sai ta kwana tana motsi. Ta saurayin sau da yawa kafin tsakar dare ta mutu. Tarwaɗa dai ba ta ƙin mushe, don da gashin bakinta takwas take ɗanɗana ruwa tana bin wari a cikin duhu, shi ya sa hanjin kaza da tana da ma sabulu ke kama ta. Amma manyan ramboshi da ragon ruwa mafarauta ne, abu mai motsi ya fi jan su. Sannan Kawu yana daidaita dutse da gora yadda koton zai tsaya kamar taƙi ɗaya sama da laka. Idan ya kwanta a ƙasa, kaguwa da ƙananan ƙurungu sun gama da shi kafin babba ya iso. Kuma ba ya ɗaure igiya tamau, yakan bar mata sassauci yadda kifi zai ja bai samu abin tsinkewa ba.

Sabon layin da na buɗe a Satumba shi ya fi nuna bambancin. Yawan cin koto a igiyoyin biyu bai yi nisa da juna ba, wato kifin yana zuwa wa kowa. Amma a ta saurayin ne ake samun zaren da ya tsinke da ƙugiyar da ta fita daga ɗauri. A makon nan kaɗai an samu guda da aka miƙar da ita sarai, aikin babban kifi ne ba shakka. Saurayin ya riƙe ta yana cewa ba shi da sa'a. Kawu ya karɓa ya juya ta ya ce, “Yaro, sa'arka ta zo har ta ci tuwonka. Ƙugiya mai tsatsa ka ba ta.” Ya zaunar da shi ya nuna masa ɗaurin tun daga farko. Wannan zai rage tazarar da nake aunawa, amma ba zan hana dattijo koyar da yaro don littafina ba.

22 ga Disamba

Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gulbi har hantsi. Baƙin ruwa ya iso. Wannan shi ne ruwan da aka yi tun damina a tsaunukan Gini, ya bi ta Mali ya bazu a manyan fadamun can ya sauke lakarsa, sannan ya taho a hankali ta Nijar ya iso mana bayan watanni, garau da shi. Shi ke riƙe tafkin a cike har bayan sanyi.

Kifin ya rage ci. Jikinsa da zafin ruwa yake tafiya, tarwaɗa kuwa ta fi walwala idan ruwa ya yi ɗumi kusan digiri 28 zuwa 30, kamar yadda masu kiwonta a tafkunan gida suka sani. Igiyoyin biyu duka sun yi sanyi. Kawu ya rage fita, ya koma gyaran gura, wato tarkon kifi, da ɗinkin kalli, ragar da ake kafawa cikin ruwa. Ya ce fetur da koto kuɗi ne, kuma ƙashin tsoho ba ya son raɓar asuba a banza. Na rasa layin da zan rubuta wannan a ciki, alhali a ganina yana cikin manyan abubuwan da ya fi mu da su: ya san daren da bai cancanci a fita ba. Samarin da suka dage da fita kullum a watan nan, da yawansu bashi suke ci wajen dillalai.

19 ga Janairu, 2025

Na zauna da tsofaffin Sarkawa da Gungawa a inuwar da suke ɗinkin taru, na karanta musu abin da muka samu. Ba su damu da wa ya fi wa ba tsakanin Kawu da ɗansa. Kilo 17 ɗin ne ya tsaya musu. Ɗaya ya ce a ƙuruciyarsa irin wannan ba a taruwa a kansa, sai wanda mutum biyu suka rataya a sanda wutsiyarsa na jan ƙasa. Na san tsufa na ƙara wa kifi tsawo, amma ba duka ne ƙari ba. A cikin dangin ramboshi akwai wanda ke kaiwa mita ɗaya da rabi da nauyin da ya haura kilo 50, masana sun tabbatar.

Alƙaluman tafkin ma sun nuna yadda abu ke hawa da sauka. Bayan cikar Kainji, kamun shekara ya haura tan dubu 28 a farkon shekarun 1970, kafin ƙarshen shekarun ya faɗo ƙasa da tan dubu 5. A shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus a kan su a tafkin, jihohin Kebbi da Neja sun yi dokar da ta ƙayyade idon kalli, aka kuma hana dala, wannan doguwar koma mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don kama ƙananan kifayen da ake kira warangi, domin tana kwashe 'ya'yan kowane irin kifi. Yau duk wanda ya zauna a bakin gulbi ya san abin da idonsa ke gani: raga mai ido kamar na gidan sauro, da kwandunan kifin da bai kai yatsa ba, da masu zuba maganin ƙwari a rafuka da rani.

Wannan ya dame ni fiye da gardamar da na fara da ita. Ramboshi mai kilo 17 ba a damina ɗaya ya yi wannan girma ba, shekaru ya yi yana tsallake raga da ƙugiya da guba. Kafin a yi maganar wa zai kama shi, sai ya kasance yana nan. Idan manya goma ne suka rage a inda da ake da ɗari, gwanintar Kawu ba ta ragu ba, amma dararen da zai jira sun ninka, kuma a idon matasa abin sai ya ƙara kama da caca. Ina zargin wannan ne asalin saɓaninsa da ɗansa. Kawu ya koyi su a ruwan da sani ke biya kusan kowane mako. Taubashina ya koya a ruwan da mutum zai yi komai daidai ya shekara bai ga ƙato ba. Kowannensu gaskiyar gulbin da ya tarar yake faɗi, kuma wanda ya canja gulbin mu ne, ba wani ba.

Na faɗi haka a gaban Sarkin Ruwan yankinmu. Ya ce shi yana iya hana mutanensa, amma ba shi da iko da baƙin da ke zuwa da inji cikin dare, kuma mai yunwa ba ya jin wa'azin shekara mai zuwa. Na fahimce shi, amma ban gamsu a tsaya a nan ba.

23 ga Fabrairu

Ruwa ya fara ɗumi, ci ya dawo. Makon jiya igiyar Kawu ta kawo ragon ruwa mai kilo 8 daga gurbin tsamiya, wurin da ya nuna mini tun Yuli ya ce akwai mai gida a ciki. Ramboshin Satumba har yanzu shi ne mafi girma a littafin.

Igiya biyu da damina ɗaya ba za su isa a yanke hukunci a kan manya ba, lissafin Oktoba ya nuna haka. Don haka bayan azumi, in Allah ya kai mu, za mu faɗaɗa. Masunta huɗu daga wata mashaya ta kudu da mu sun yarda su shiga, biyu tsofaffin hannu biyu matasa, kowannensu zai samu littafi da tef, sikeli kuwa za su yi karo-karo su saya. Ɗalibaina biyu 'yan gidan masunta za su riƙa zagayawa ranar Asabar suna kwafe alƙaluman. Za mu kafa sanda mai alama a bakin ruwa don rubuta hawa da saukarsa, na kuma yi odar ma'aunin zafin ruwa.

Tun Nuwamba nake yanke ƙayar gefe ta duk kifin da ya haura kilo 5, ina shanya ta ina sa ta a ambulan da kwanan wata da nauyi. Ana gane shekarun irin waɗannan kifaye daga zoben da ke cikin ƙayar idan aka yanka ta siriri aka duba a madubin ƙara girma. Ina so in kai su cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa in roƙi a duba mana, don mu san shekara nawa gulbin nan ke ɗauka kafin ya yi kifi ɗaya irin wanda muke gardama a kansa.

Kowannensu ya kafa sharaɗi kafin a ci gaba. Taubashina ya ce igiyar ƙuri'a ta dawo, kuma kada Kawu ya taɓa ta ko da kifi zai tsere, shi zai ɗago abinsa. Kawu ya ce daga farkon hawan ruwa zuwa ƙarshen Agusta a cire gidajen fadama daga cikin hula, kuma duk mace mai ƙwai a auna ta a sake ta, har a igiyoyin sababbin mutanen. Biyu daga cikinsu sun amince, sauran biyun sun ce sai sun yi shawara da iyayen gidansu da suka ba su jirgi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan je in ji amsarsu.